Jajen Ruwa a Bakin Tafkin da Aka Ce Ya Ƙafe

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma duk shekara sai na zana wa ɗalibai Tafkin Chadi sau biyu a allo. Na farko babba kamar faifai, in rubuta 1963 a ƙarƙashinsa, murabba'in kilomita 25,000. Na biyu ɗan mitsitsi kamar marfin kwalba, in rubuta tsakiyar shekarun 1980. Yara su kwafa, su haddace cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan ya tafi. Ni kuwa ban taɓa ganin tafkin da idona ba, alhali a bakinsa ƙanin mahaifiyata ya yi furfura.

A ƙarshen Nuwambar 2024 Kawu ya ari wayar wani ya kira Inna daga Gite, garin da yake zaune a bakin tafkin ta ɓangaren Chadi. Ruwa ya ci masa ɗaki biyu da rumbu, iyalinsa suna tudu a cikin rumfar zana. Inna ta kwana ba ta runtsa ba. Da safe ta ce mini, "Ƙafata ba za ta kai ni Gite ba, kai ne ƙafata. Ka je ka gano mini ɗan'uwana." Da aka yi hutun ƙarshen shekara na ɗaure buhun masara, da sabulu, da bargo biyu, da gidan sauro, na kama hanya.

Mun bar tasha bayan asuba. Pitowa, Figil, sai muka karya kwana a Magada muka nufi Kaele. Hazon hunturu ya rufe duwatsu, an tara auduga tuli-tuli a bakin ƙauyuka. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne masakwa, dawar rani da Fulanin nan ke kira muskuwari. Ana dasa ta ne a baƙar laka bayan ɗaukewar ruwa, ta rayu da laimar da ƙasa ta riƙe, ba ban-ruwa ba komai, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Wani dattijo da ke gefena ya nuna mini gonaki ta taga. Ya ce a irin wannan lokaci ya kamata a ce ta fitar da kai har ta fara nauyi, amma ga wasu can ko gwiwa ba su kai ba. Ruwa ya daɗe kwance a gonakin, dashe ya makara, kuma in zafin Maris ya riske ta ba ta ƙosa ba, sai dai a yanka wa shanu. "A da fari muke tsoro," in ji shi. "Yanzu in hadari ya haɗu ma gabanmu faɗuwa yake yi."

Da la'asar muka shiga Yagwa. Ruwan ya riga ya janye, amma ya bar sa hannunsa a ko'ina. A jikin bangon wani shago na ga layi mai ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar da zare aka ja shi. Na tsaya kusa da shi, ya kawo mini ƙirji. Gidajen siminti sun tsira da wannan layi kawai. Na laka kuwa sun narke sun koma inda suka fito, sai ka ga tudun ƙasa da ƙyauren langa-langa kwance a kai, ka gane nan ɗakin wani ne. A watan Satumba gadar da ke kan kogin Danay a cikin garin ta karye, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale, har 'yan makaranta. Wata mai ƙosai da na zauna a bencinta ta ba ni labarin darenta. Ta ce ba ruwan sama ne ya tashe ta ba, sanyi ta ji a bayanta, ta shafa tabarma ta ji ta jiƙe sharkaf. Ta goya ƙaramin, ta ɗora na biye a kafaɗa, ta fita cikin duhu ruwa na dukan cinyarta. Awakinta huɗu suna ɗaure a turke. Da ta kawo nan sai ta yi shiru, ta juya ƙosanta. Ban ƙara tambayarta komai ba.

Washegari muka tsallaka kogin Logon zuwa Bongor, a ƙasar Chadi. Sabuwar gadar da za ta haɗa ƙasashen biyu tana tsaye a gefe ba a buɗe ta ba tukuna, don haka jirgin inji muka shiga, mu da mashina da buhunan albasa. Bayan jandarma da 'yan duwan sun gama da mu, na sami mota mai zuwa Injamena. Tun daga Gelandeng ake ganin rumfunan tamfal a kan tuddai. Lissafin da aka fitar na ambaliyar 2024 a Chadi ya nuna mutum 576 sun rasu, kusan miliyan 1.9 abin ya shafa, gonaki sama da hekta 400,000 sun nutse, kuma babu lardin da ya kuɓuta cikin 23. Har Tibesti, can tsakiyar Sahara inda shekara kan wuce ba a ga ruwan kirki ba, kwaranya ta kashe mutane fiye da hamsin a watan Agusta. A watan Satumbar nan dai madatsar Alau ta fashe, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Damina ɗaya ce ta yi wannan aika-aika daga gabas har yamma.

Da muka doshi Injamena direba ya yi maganar 'yan gudun hijirar Kamaru da aka yi wa sansani a Kalambari da Gilme. Wannan labari na san shi, domin na ƙasarmu ne. A Disambar 2021 faɗa ya ɓarke a yankin Logon-Birni tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta, ya bazu har Kusuri. An kashe mutane da dama, an ƙone ƙauyuka fiye da ɗari, dubun-dubatar jama'a suka tsallako Chadi, galibinsu mata da yara. Asalin abin ruwa ne. Da ruwan fadama ya yi ƙaranci, masunta suka riƙa haƙa manyan ramuka don su tare ruwa da kifi, shanu kuma in sun zo sha sai su zurma ciki su karye. Mutanen da suka yi zamani suna musayar nono da kifi suka ɗauki makami a kan tabki. Shekara ɗaya bayan haka, a 2022, wannan yankin da aka yi kisa saboda ƙarancin ruwa ya nutse a ambaliya.

A Waliya, wata unguwa a Injamena, na sauka, gidan Yaya, 'yar wan mahaifina da ke aure a can. Unguwar tana tsakanin kogin Shari da na Logon, kafin su haɗe. Buhunan yashi har yanzu suna jere a ƙofar gidanta, wasu sun fashe ciyawa ta tsiro a kai. A 2022, shekarar da gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, sai da suka yi wata biyu a tanti. A 2024 Shari ya sake haura mita 8, maza suka riƙa kwana a kan dakalin tare ruwa da fitila da shebur, masu unguwa suna kewayawa da usur.

Amma da dare, muna cin tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, ba ruwan ne ya fi damun Yaya ba. Azumin da ya wuce take ta maimaitawa. "Ƙanina, na yi azumi fiye da talatin a garin nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Dare ba ya hucewa. Ka jiƙa zane ka lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Tsofaffi suka riƙa faɗuwa." Ta ce ƙanƙara ta zama kamar zinariya da yamma, wuta kuma ba ta zuwa. Na gaya mata a waɗannan kwanaki ne, ranar 3 ga Afrilun 2024, aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma masanan da suka bi diddigin wannan zafi sun ce da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "To wane ɗan Adam? Mu da aka hana mu gawayi tun 2009, da gas muke girki?"

Da wannan tambaya tata na kwana, da ita kuma na tashi. Motar Gite ta fita tun da duhu, kuma da muka zo Jarmaya sai ga harshen wuta a saman bututun matatar mai yana lasar sama. Ga amsar a gaban idona, ko da yake wannan ɗan digo ne a cikin kogi. Duk abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa aka ƙona, kwal ne ko fetur ko gas, yana sakin iskar kabon, ita kuma ba ta ɓacewa. Taruwa take yi a sama ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo, fitarsa ta yi wuya. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane ɗigon iska miliyan ɗaya, 280 ne na kabon. Yau sun haura 420. Sare daji yana ƙara wa abin, haka tusar shanu da gyatsarsu da ruwan da ke kwance a gonakin shinkafa, masu fitar da wata iska da ake kira mitan. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta zarce zafin kafin zamanin masana'antu da kusan digiri ɗaya da rabi, wato iyakar da ƙasashen duniya suka yi alkawari a Paris a 2015 cewa za su yi ƙoƙarin kada a tsallake. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi. Man Doba na kudancin Chadi ma da ake turawa ta bututu zuwa Kiribi a bakin tekun Kamaru tun 2003, a wasu ƙasashe ake ƙone shi. Abin yana ci mini rai: mai ƙosan Yagwa ko keke ba ta da shi, amma ita ta biya da awakinta.

Mun wuce duwatsun Hajar al-Hamis da hantsi, tsirara a tsaye a tsakiyar fili. Daga Karal hanya ta fara lalacewa, can gaba kuma ta shige ruwa ta ɓace. Aka sauke kaya aka zuba a jirgi. Muka riƙa ratsawa ta tsakanin itatuwan ƙaya da ruwa ya kai musu wuya, karan masarar da ba a samu girbewa ba yana gogar cikin jirgin. Bado ya yi fure a inda yaron jirgi ya ce filin ƙwallonsu ne. Ni da na zo da hoton marfin kwalba a kaina, sai ga ruwa iya ganina.

Kawu yana zaune a ƙofar rumfa yana ɗinkin kalli, ragarsa ta kamun kifi. Ya tsufa fiye da yadda nake zato, amma hannunsa bai manta allura ba. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da jajen Inna.

"Ɗana, ka sha hanya. Ya ƙafar Innarka?"

"Da sauƙi, Kawu. Ya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri. Wanda Ya ba mu Shi Ya karɓa. Rai dai yana nan."

Kwana huɗu na yi a wurinsa, kuma a kwanakin nan na koyi abin da littafin aji bai koya mini ba. Yana saurayi ya zo tafkin, kafin farin 1973. Ya ce a idonsa ruwan ya rabe biyu, tudu ya fito a tsakiya, kifi ya mutu har wari ya hana mutane barci. A farin 1984 ɓangaren arewa ya bushe ƙurmus, suka taka da ƙafa a inda suka saba jefa taru. Sai jama'a suka bi ruwan. Duk inda ya ja da baya su kafa bukka, bukka ta zama gari. A haka ya zauna Darak shekaru, ba wanda ya damu da ƙasar wa yake ciki, sai da kotun duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa wurin na Kamaru ne, Najeriya ta janye a ƙarshen 2003. Daga baya ya gangaro Gite ya yi aure na biyu.

Na tambaye shi ko wancan farin bai fi wannan ruwan muni ba. Ya ce ya fi yunwa, amma bai fi ruɗani ba. Ya ajiye kallin ya yi mini lissafi da yatsu. Tafkin nan ba shi da zurfi, kuma kusan duk ruwansa Shari da Logon ne ke kawowa daga kudu. Ruwan da aka yi can a Agusta sai wajen Nuwamba yake isowa nan, ya cika a Disamba ko Janairu, sannan ya fara ja. Yana cika, su ake yi: a jera gura a yi dumba, a zuba mamari, mata su hura wutar banda. Yana ja, a bi laimar da masara da wake, ba taki ba ban-ruwa. An girbe, makiyaya su shigo da shanu su ci kara. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da watansa. "Ko a shekarun wahala mun san wannan jeri. Mun san inda ruwa zai tsaya, shi ya sa na gina ɗakina a inda na gina. Shekara ashirin bai taɓa lasar dangata ba. A 2022 ya shigo tsakar gida, na ce baƙo ne. Bana ya shiga ɗaki ya kwanta."

Ya ce tsofaffi na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Yanzu alamar ce ta daina faɗin gaskiya. Ruwan fari ya sauka a yi shuka, sai ya ɗauke sati uku iri ya ƙone. A sake shuka da bashi, sai na wata guda ya zubo a kwana biyu.

A nan ne na ga inda ilimina zai yi amfani, na yi masa bayani da abin da ke gabanmu. Na ce Kawu, iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa, kamar yadda babban tulu ya fi ƙarami. Duk ƙarin digiri ɗaya, tana ƙara ɗaukar kusan kashi 7 cikin ɗari. Tana tsotse laimar ƙasa da sauri, gona ta bushe. In kuma ta tashi juyewa, sai ta juye tulun gaba ɗaya. Shi ya sa fari da ambaliya suke zuwa kamar wa da ƙani. Na ƙara masa da cewa ko farin da ya gani yana saurayi, masu bincike da yawa suna ganin da hannun hayaƙin masana'antun Turai da Amurka a ciki, domin ya sanyaya tekun arewa, damina ta karkata kudu ta bar mu.

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya ce ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so, amma Allah bai yi abu ba sababi ba. Ya karanto ayar nan ta Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abin da hannayen mutane suka aikata. "Mu ma da namu," in ji shi. "Dajin da ke bayan garin nan mu muka cinye shi da wutar banda. Raga mai ƙananan ido da yara ke sawa yanzu, har jikan kifi take kwashewa. Giwan ruwa da mutum biyu ke ɗauka da sanda, yaushe rabon da in gan shi? Sai tarwaɗa da karfasa." Na yarda da shi, kuma na ji daɗin da bai ɗora komai a kan na nesa ba. Amma na gaya masa gaskiya, ko da ba a sare ice ɗaya a Gite ba, da ruwan nan ya shiga ɗakinsa.

Akwai abu guda da ya fi yi masa ciwo, sai a dare na uku ya faɗe shi, da murya ƙasa-ƙasa. A da in wuri ya ƙi, sai ka kwance jirgi ka koma wani tsibiri. Tun da masu bindiga suka shiga tsibiran, wajen 2015 aka kwashe mutane da yawa zuwa gaɓa, wannan ƙofa ta rufe. Masunci da manomi da makiyayi duk sun cushe a ɗan bakin da ya rage, ga ruwa yana matso su ta gaba. Samari biyu daga cikin yaransa sun bar sana'ar, ɗaya yana kulando, wato haya da babur, a Injamena, ɗayan ya tafi haƙar zinariya arewa, wata takwas ba labari.

Na ba shi labarin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa tun 1964, da taron Abuja na 2018 inda aka yi ta maganar janyo ruwa daga kogunan Kwango a zuba wa tafkin, da asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a Masar a 2022. Ya saurara da kyau. Ya ce shi buƙatarsa ba ta kai nan ba. Da za a sami wanda zai riƙa gaya musu ta rediyo, tun ruwan yana can kudu a Sar ko Mundu, cewa ga yawan abin da ke tafe, da ya kwashe rumbunsa da wuri. Buhu tara na masara ne suka ruɓe a ciki. Wannan magana ta tsaya mini, domin abu ne da ake iyawa. Ana auna kogin, lambobin suna ofis, ba sa isowa rumfar zana ne kawai.

Sauro a wurin ba a magana. Gidan sauron da na kawo jikokinsa uku aka sa a ciki, ƙaramar tana fama da zazzaɓi, idanunta sun yi fari. Ruwan sha daga tafkin ake ɗiba a tace da ɗankwali, rijiyar burtsatsen unguwar tana ƙarƙashin ruwa. Na ba uwarta jaka biyar na ce a kai ta asibitin Karal, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kullum da magariba Kawu yakan ɗauki wani turke ya kafa a daidai bakin ruwa, da asuba ya je ya duba. Ranar da zan tafi na bi shi. Ruwan ya wuce turken da faɗin yatsa huɗu. Ya tsuguna ya auna da hannunsa, ya tuge turken, ya matso da shi baya ya sake kafawa. Matarsa ta ɗaure mini banda a kwali, ta ce in kai wa Inna ta yi miya. Ya rako ni har jirgi, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa.

"Ka ce wa Innarka ta kwantar da hankalinta. In ya fara ja zan sa a kira ku."

Sai ranar 9 ga Fabrairu aka kira. Ruwan ya fara sauka, yarinyar ta warke, ɗan da ke arewa ya aiko da saƙo. Irin waken yana nan a cikin jarka, ya toshe bakinta da toka. Gonar kuwa har ranar da muka yi magana da jirgi ake bi ta kanta.